Ƙofar da Ƙyalle Ke Riƙe da Ita

A Amurka akwai wani irin ɗaki mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, iyali su kama hanya da shi, inda dare ya riske su nan ne gida. A ciki akwai gado, da murhu, da wurin wanka, da kabad na kwanuka da na tufafi, duk an tsuke su cikin faɗin da bai wuce ƙafa 8 da rabi ba. Wadda ta fi suna a irin waɗannan tireloli ita ce Airstream. Jikinta alminiyam ne, an haɗa shi da dubban ƙusoshin ribit bisa tsarin ginin jirgin sama, ga ta a mulmule ba kusurwa, tana ɗaukar ido tun daga nesa. Wally Byam ne ya kafa kamfanin a Kalifoniya a farkon shekarun 1930. A 1936 ya fitar da samfurin Clipper, wanda daga gare shi wannan siffa ta kafu, a 1952 kuma aka buɗe masana'anta a Jackson Center ta jihar Ohayo, inda ake ƙera su har yau. Mutumin ya yarda da kayansa ƙwarai, har a 1959 ya ja ayarin tirela 41 daga Cape Town ya nufi Alƙahira, ta hanyoyin da ko babbar mota sai ta yi da gaske.

Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, shi ya sa tirelar da ta shekara 50 za ka gan ta daga waje garau, a goge ta ta koma sabuwa. Cikin ne ke tsufa. Kuma duk wanda ya sayi ta shekarun 1970, da wuya ya kwana biyu bai yi karo da ƙofofin kabad ɗinta ba: wata ta cije a tsakiyar hanya, ba gaba ba baya, wata ta rabe gida biyu, wata kuwa da ka ɗaga ta sai ta zube maka a hannu sanda-sanda. Masu gyaran waɗannan ƙofofi nake so in yaba, domin a ganina aikinsu na cikin ayyukan hannu da suka fi buƙatar natsuwa, ga shi kuma idan an gama ba mai ganin inda aka sha wahalar.

Ƙofar, wadda kafintocin can ke kira tambur, ba ta da hinji ko ɗaya. Siraran sanduna ne aka jera kafaɗa da kafaɗa, aka manna bayansu a jikin shimfiɗa guda mai lanƙwasuwa. Bakin kowace sanda na dama da na hagu yana zaune cikin wani tsagi da aka yi a layin roba, layin kuma ya miƙe da bakin kabad ɗin, sannan ya karya kwana ya shige ciki. A kabad na sama, can ƙarshe layin yakan murɗe ya zama dunƙule, ƙofar ta nannaɗe a ciki ta ɓace. Wanda ya san asabari, yadda ake jera tsinkayensa a ɗaure su da zare, a naɗe shi sama da rana a sake shi da dare, ya riga ya gane rabin zancen. Sauran rabin shi ne tsagin nan, wanda asabari ba shi da shi, kuma a nan gwaninta take.

Dabarar ta girmi tirela nesa ba kusa ba. John Seymour da ɗansa Thomas sun yi suna a Boston tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 da teburan rubutu masu irin wannan ƙofa. A ƙarshen ƙarni na 19 tebur mai murfin naɗi ya cika ofisoshin Amurka, daga baya kabad ɗin kicin da ake kira Hoosier, wanda aka riƙa ƙerawa a jihar Indiyana, shi ma ya ɗauka. Waɗancan da itace mai ƙwari aka yi su, da yadi mai kauri, da gam na fata, kuma da yawansu har gobe suna buɗuwa. Na tirela ba su sami wannan gata ba. Byam ya rasu a 1962, a 1967 kamfanin Beatrice Foods, wanda asalinsa na madara da man shanu ne, ya sayi Airstream, a 1969 aka sake fasalin jikin, daga nan kuma roba da leda mai zanen itace suka riƙa maye gurbin katako na gaske a ciki. Ƙofar naɗi ta bazu ko'ina, sama da ƙasa, har cikin Argosy, ƙanwar Airstream mai fenti da aka fara fitarwa a 1972.

Ba laifi ba ne zaɓen da suka yi, in za a faɗi gaskiya. Hanyar wucewa a tsakiyar tirela ba ta fi ta mutum ɗaya ba. Ƙofa mai hinji idan ta buɗe sai ta tare hanya, ta sama kuma daidai goshi take tsayawa. Ga bangon a lanƙwashe yake, ga kuma girgizar hanya da ke buɗe ƙofa ta watsar da kofuna. Ƙofar naɗi ba ta cin wuri, ba ta da nauyi. Inda suka gaza shi ne kayan da suka yi ta da shi. A yawancinsu sandunan na katakon matsi ne irin na Masonite, wanda William Mason ya ƙirƙiro a Laurel ta jihar Misisipi a 1924: a farfasa guntayen itace da tururi su zama zare-zare, a matse su da zafi su zama allo. A fuska an lulluɓe shi da siririyar fata mai zanen itace, a baya kuma shimfiɗar da ke riƙe da komai ba ta da wani kauri. Katakon matsi idan ya sha ruwa sai ya kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Ita kuwa shimfiɗar bayan, kowace buɗewa da rufewa a wuri ɗaya take karya ta, tsakanin sanda da sanda, shekara da shekaru. A ƙara da zafin tirelar da aka rufe aka bari a rana a Arizona, ko laimar Fulorida, sai gam ya gaji, shimfiɗar ta bushe ta tsage.

Sabon shiga idan ya ga ƙofa ta cije, ƙofar yake tuhuma. Gwani kuwa ba ya fara taɓa ta. Abin da yake fara yi shi ne daidaita tirelar kanta a ƙasa, domin jikin Airstream yana murɗewa kaɗan idan an ajiye ta a karkace ko aka tsananta jak a kusurwa ɗaya, kuma wannan 'yar murɗewa ta isa ta matse ƙofa. Sai ya ɗauko tef ɗin awo ya gwada bakin kabad ɗin daga kusurwa zuwa kishiyarta, ya sake gwada ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, kabad ɗin ya goce. Sannan ya auna tazarar da ke tsakanin layin dama da na hagu a wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe. Sau da yawa a nan ake kama ɓarawon: ƙusa guda ta saki, layi ya ɗan zame, tazarar ta tsuke a tsakiya. Wani lokaci kuma ciwon ya fi haka zurfi. Daɓen tirelar falanki ne, ruwan da ke yoyo ta taga ko ta bayan gida yana ruɓar da shi, kuma dogayen shekarun 1970, masu ƙafa 31 da wurin wanka a can baya, an san su da saukar gindi. Idan daɓe ya sauka, kabad na binsa. Wanda ya yi wa irin wannan kabad sabuwar ƙofa bai gyara ƙasa ba, kuɗinsa da lokacinsa ya zubar.

Cire ƙofar ma aiki ne. Kayan cikin Airstream yawanci ba da sukuru aka kafa su ba, da ƙananan ribit ne, waɗanda ba a kwance su sai dai a huda kansu da bakin injin huji mai kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato milimita 3 da 'yan kai. Hannu ya ɗan yi nauyi, ramin ya faɗaɗa, sabon ribit ba zai kama ba. Ga robar layin da ta dunƙulen naɗin, wadda ta shekara 50 tana shan zafi da sanyi, ta bushe ta zama kamar jira take a taɓa ta. Mai garaje a nan ne yake rasa ido garin neman gira: ya zo gyaran ƙofa, ya karya dunƙulen da samun irinsa ya fi samun ƙofar wuya. Gwani yakan ɗan ɗumama robar da na'urar busar da gashi kafin ya lanƙwasa ta, ya ɗauki hoto kafin ya cire kowane abu, ya zuba ƙusoshin kowane kabad a kofinsu daban.

Kafin sandunan su bar hannunsa sai ya juya su ya rubuta wa kowace lamba da fensir a baya, ya ja kibiya mai nuna sama. Dalili biyu ne. Zanen itacen da ke fuskar a jere yake, ya taso daga wannan sanda ya shiga ta gaba, idan aka hautsina su ido zai gane ko da mutum bai san abin da ya dame shi ba. Na biyu, kowace sanda ta cinye bakinta daidai da wurin zamanta a tsagi, ta saba da shi.

Sai kankarar tsohuwar shimfiɗa. A nan akwai jarabar a jiƙa ta da ruwa ta saki da sauƙi, kuma wannan ne kuskuren da ba ya gyaruwa, tunda katakon matsi ne. A bushe ake kankare ta da wuƙa mai faɗi, a bi da sanfefa sama-sama, don a cire mataccen gam a kuma ɗan kausasa bayan sandar yadda sabon gam zai sami wurin kamawa. Aikin ba wuya, sai cin rai. Ƙofa guda na iya ɗaukar sanduna masu yawa, tirela guda kuma ƙofofinta ba ɗaya ba ne ba biyu ba.

Yanzu aka zo wurin da nake ganin ya fi kowane kyau a wannan sana'a, wato shimfiɗa sandunan. Gwani yakan sami allo shafaffe wanda bai bauɗe ba, ya kafa katako biyu a kansa, ɗaya a gefe ɗaya a ƙasa, su haɗu a kusurwa madaidaiciya, ya gwada da sikwaya, ya sake gwadawa. Wannan kusurwa ita ce gaskiyar ƙofar gaba ɗaya. Idan ta karkace ko da kaɗan, ƙofar za ta fito a jirkice, ta riƙa tafiya tana cin gefe ɗaya, kuma ba kakin da zai warkar da ita. Sai ya shimfiɗa takarda mai santsi don kada gam ya kama allon, ya jera sandunan rub da ciki bisa lambobinsu, bakin kowace ya dafa katakon gefe. Daga sama ya sa wani katako, ya cusa 'yan tsinkayen itace masu kan fiƙe ya matse jerin, har sai ba a ganin haske tsakanin sanda da sanda. Matsin ma da iyaka: ya yi yawa, jerin ya yi tozo a tsakiya. Don haka yakan ɗora siraran katako biyu a kan bakunan sandunan, dama da hagu, ya danne su. Waɗannan biyun suna yin aiki na biyu ba tare da an sa su ba, domin suna rufe daidai wurin da zai shiga tsagi, kuma wurin nan ba a so sabon yadin da za a manna a bayan sandunan ya kai. Yadin da ya shiga tsagi zai riƙa gogar roba, ya yi gashi, ya dunƙule, ya tsayar da ƙofar.

Yadin kansa na auduga ne mai saƙa matsattsiya, irin na tanti amma mara nauyi sosai. Ana wanke shi tukuna a shanya a goge, don ya gama tsukewarsa tun bai hau ƙofa ba, ya kuma rabu da sitacin masana'anta da ke hana gam shiga zare. Wajen yanka, zaren tsawon yadin shi ake so ya ratsa sandunan, ya bi hanyar da ƙofar ke tafiya, tunda shi ne ba ya miƙewa. Wanda ya yanka a karkace, ƙofarsa za ta riƙa ƙara tsawo, sandunan su yi giɓi.

A kan gam akwai saɓani tsakanin masu aikin, kuma ina da ɓangare. Wasu sun fi son gam irin na masu takalma, wanda ake shafa wa fuska biyu a bari ya sha iska a haɗa, nan take ya kama. Saurinsa ne ke jan mutane. Amma ba ya yafiya, da yadin ya taɓa shi ke nan, ba gyara, kuma zafi mai tsanani yana sassauta shi, alhali zafin rufaffiyar tirela ne ya kashe na farkon. Farin gam na kafintoci ya fi dacewa a ganina: yana ratsa zaren auduga, yana kama katako, yana ba mutum 'yan mintoci ya daidaita yadin. Masu manna salatif mai kauri a bayan ƙofa su ce sun gyara kuwa, bazara ɗaya ta ishe su, salatif ɗin ya narke ya bar danƙo a tsagi, mai gyara na gaba ya gaji aiki biyu.

Shafa gam ɗin shi ne wurin da hannu ke nuna kansa. Siririn shafi ake so, ko'ina daidai, da burushi ko ɗan abin mirginawa. Idan ya yi kaɗan, yadin zai ɗago. Idan ya yi yawa, sai ya tsiyaya tsakanin sandunan ya haɗe su, a wayi gari an ƙera allo maimakon ƙofa. Shi ya sa wasu ke goga kakin kyandir a gefen kowace sanda kafin jerawa, suna kiyaye kada ya taɓa bayan. A ɗora yadin daga gefe ɗaya, a bi shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje, ba ja, ba tattara. Wasu kan bi da dutsen guga mai ɗumi, tunda irin wannan gam yana amsa zafi. Daga nan sai wata 'yar dabara da ke raba wanda ya taɓa yi da wanda ya ji labari: ba a barin ƙofar cikin matsi har gam ya ƙeƙashe. Idan ya kama amma bai gama tauri ba, wajen sa'a guda ko ƙasa da haka gwargwadon yanayi, sai a sassauta, a ɗago ƙofar, a lanƙwasa kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya a bakin tebur. Za ka ji 'yar ƙara, ƙas, ƙas, gam ɗin da ya saci hanya ya shiga tsakani yana karyewa. A goge shi, a mayar da ƙofar ta kwanta a shimfiɗe, a ɗora mata nauyi ta kwana.

Idan wasu sanduna sun ɓace ko sun kumbura fiye da gyara, gwani ba ya sa sababbi a gaba. Kowace ƙofa tana da 'yan sanduna a wutsiyarta waɗanda ko a rufe take suna cikin kwana, ba a ganinsu, aikinsu kawai su riƙe ta a kan hanya. Waɗannan yake ɗaukowa ya cike giɓin fuska, sababbin da ya yanka kuma ya tura su can baya inda ba ido. Sai dai na wutsiyar ba su taɓa ganin rana ba, launinsu bai koɗe kamar na sauran ba, don haka yakan kai su can gefen sama inda inuwa ke faɗawa.

Akwai ƙofar da ta wuce ceto, dole a yi sabuwa. Ana sayar da tambur a shimfiɗe, falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8, da fuskar itace na gaske, mutum ya yanka daidai bukatarsa. Ga kyau, ga ƙwari, amma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin lissafi ne ke mulki ba ido ba. Sanda a miƙe take, tsagi kuwa a kwana a lanƙwashe yake. Idan miƙaƙƙen abu ya shiga lanƙwasa, kusurwoyinsa biyu na gogar bangon waje, tsakiyarsa na gogar bangon ciki, saboda haka yana bukatar fili fiye da kaurinsa. Ƙarin filin ana iya ƙiyasta shi: a ninka faɗin sandar da kansa, a raba da ninki takwas na nisan da ke tsakanin cibiyar kwanar da tsagin. A ce nisan nan milimita 40 ne. Sanda mai faɗin rabin inci, wajen milimita 13, tana bukatar ƙarin rabin milimita. Mai faɗin milimita 19 tana bukatar fiye da milimita guda. Can cikin dunƙule, inda nisan zai iya sauka zuwa 25, ta farko na neman kusan milimita ɗaya, ta biyu kusan biyu. Faɗi idan ya ninku biyu, bukatar fili ninkuwa huɗu take yi. Wannan ne ya sa sabuwar ƙofa za ta tafi sumul a miƙaƙƙen layi, maigida ya fara murna, tana isa kwana ta tsaya cak.

Ga kuma kauri, domin sabon tambur sau da yawa ya fi na asali kauri. Maganinsa a rage bakin kowace sanda, a fitar mata da ɗan harshe siriri wanda shi kaɗai zai shiga tsagi. Daga fuska ya kamata a rage, harshen ya zauna kusa da yadi, tunda a layin yadin ne ƙofar ke lanƙwasa. Sai a ɗan mulmule kusurwoyin harshen da sanfefa. Kafin ya yanka babban falle, gwani yakan yanki guntu mai sanda biyar ko shida ya tura shi cikin layin da yatsa tun daga baki har ƙuryar dunƙule ya dawo da shi. Inda guntun ya yi gardama, nan ƙofar za ta yi. Akwai kuma irin tambur da aka yi don ado, a manna a bango ko a naɗe ginshiƙi da shi sau ɗaya tak. A ido duk ɗaya ne, ya kuma fi araha, amma bayansa ba a yi shi don lanƙwasar yau da gobe ba. Wanda ya saye shi sai ya ƙara masa yadi, in ba haka ba ya sake gadon ciwon da ya gudo.

Sandar gaba, mai mariƙi, ta fi sauran kauri kuma ita ke jan ayari. Kabad na sama yakan yi faɗi sosai alhali tsayinsa kaɗan ne, don haka idan aka ɗaga ƙofar ta gefe ɗaya sai ta karkace ta cije. Dole sandar gaban ta zama miƙaƙƙiya, a ɗaure ta da yadin sosai, kuma a koya wa mutanen gida, musamman yara, su riƙa kamawa a tsakiya. Ƙofofin ƙasa, waɗanda sandunansu ke tsaye suna tafiya gefe, nasu ciwon daban: duk nauyinsu a kan layin ƙasa yake, kuma nan ne yashi da ɓarɓashin burodi ke taruwa su riƙa cin bakin sandunan.

Layin ana wanke shi da tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu, a bari ya bushe sarai. Inda ya tsage a liƙe shi da gam na irin robarsa, a shafe tabon har farce ya wuce bai ji komai ba. Dunƙulen da ya farfashe, yanzu akwai masu auna shi su zana a kwamfuta, inji ya zubo musu sabo da roba. Mai kuwa ba ya kusantar wurin, ko na keken ɗinki ne: katakon matsi yana shan sa ya kumbura, ƙura kuma ta manne masa. Guntun kyandir ya wadatar, a goga a bakin sandunan da cikin tsagi.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, a fizge ƙofofin naɗin a sa masu hinji ko labule a huta. Tirelarsu ce, ba mai hana su. Kuma ban ce cikin Airstream na shekarun 1970 wani abin alfahari ne na kafinta ba, an yi shi ne da ido a kan farashi, kafin kamfanin Thor ya karɓi ragama a 1980. Amma ƙofa mai hinji za ta dawo da matsalar da aka guje wa tun farko, labule kuma ba ya tare kofi a kan gargada. Ƙungiyar masu Airstream da aka kafa a 1955 da sunan Byam tana da reshe na masu tsofaffin tireloli, waɗanda suka kai shekara 25 zuwa sama, kuma a irin wannan da'ira tirelar da cikinta ke nan yadda aka ƙera shi tana da daraja ta daban. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙofar da aka sake wa yadin auduga da gam mai kyau ta fi yadda ta fito daga masana'anta ƙarfi. Fuskar ta shekarun 1970 ce, bayan kuwa irin na teburan Boston ne.

Wajen mayarwa akwai awo na ƙarshe da ba ya cikin kowane littafi na kamfani, wato 'yar rawar da ake bar wa ƙofar tsakanin layi da layi. Tirela matafiyiya ce. Ƙofar da aka tsuke ta daidai wa daida a busasshiyar iskar hamada za ta cije idan ta kwana biyu a bakin teku, wadda aka sake da yawa kuma za ta riƙa kaɗawa a hanya, ko ta fice daga tsagi idan jikin tirelar ya murɗa. Milimita ɗaya zuwa biyu ake bari, a ji ta da yatsa. Ko bayan haka gwani bai ɗauka ya gama ba sai an ja tirelar an yi tafiya da ita an dawo. Sai ya buɗe kowane kabad ya haska tocila cikin layin. Duk inda ya ga ɗan gari mai launin ƙasa ya taru, nan ne wata sanda ke gogawa, sai ya zaro ƙofar ya bi bakinta da sanfefa sau biyu ko uku, ya ƙara kaki, ya mayar.